Ɗan Layin da Na Ɗauka Zamewar Alƙalami Ce

Shekarun baya, tun ina saurayi mai ji da kansa, na yi aikin daktilo a wani buro, wato ofis, da ke kula da makarantun ƙasar Damagaram. Daktilo shi ne mai buga takardu da mashin, ga yaran yanzu da ba su tarar da abin ba. Lokacin ba a daɗe da yin ƙuri'ar i ko a'a ba, ko'ina ka zauna maganar ƴancin kai ake yi, Turawa wasu na ɗaure kaya, wasu na cewa ba inda za su. Shekaruna sha tara. Ina da sartifika ta gama firamare, na kuma yi shekara ɗaya a kolej kafin rasuwar mahaifina ta maido ni gida. In na fito daga unguwarmu ta Birni da safe cikin farar riga, da alƙalami biyu a aljihu, ɗaya ma ba tawada a ciki, gani nake babu mai ilimi kamata daga nan har Mirya.

Ina da wani yaya, ɗan wan mahaifina, wanda mahaifiyata ta riƙe tun uwarsa ta rasu. Shi ya fara koya mini baƙaƙen boko, yana zanawa da tsinke a ƙasan zaure. A lokacin shekararsa tara yana koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta garin Dogo, cikin ajin da aka yi da zana, amma a matsayin monitar, ƙaramin malami na wucin gadi. Irinsu ba su da takardar zama cikakken mushe, kamar yadda muke kiran malamin boko, ranar da aka ga dama sai a ce sun gode. Yana da mata da ƴaƴa uku. Hanya ɗaya ce gare shi, wata jarrabawa da muke kira konkur, wadda ba kowace shekara ake buɗe ta ba. Shekara biyu ya yi yana karatunta da littattafan aro. A takardar haihuwarsa kuwa shekarunsa talatin cif a wannan shekarar. Ba wanda ya san gaskiyar ranar da aka haife shi, wani likita ne ya dube shi yana yaro ya yanke masa shekaru, aka rubuta, ta zauna.

Shugaban buronmu wani Bature ne, anspektar mai duba makarantu, dogo mai tabarau. Da can lissafi yake koyarwa a ƙasarsu, kuma halin bai sake shi ba. In zai rubuta takarda ba ya cika kalma, sai alamomi da gajerce-gajerce, rubutun kamar tonon kaza. Satina na farko na taɓa kai masa wata kalma da na kasa karantawa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce an ɗauke ni ne don in rage masa aiki. Daga ranar na rufe bakina. Abin da na gane na buga, abin da ban gane ba na cika da kaina, har na fara yi wa kaina kirari a zuci cewa na iya karanta zuciyar Bature.

Cikin bazara, ana wannan zafi da duwatsun garin ke maido wa mutum wuta a fuska, ya miƙo mini sanarwar konkur ya ce in buga kafin a tashi. Sharuɗɗa uku ne. Sartifika, shekara biyar a bakin aiki, sai shekarun haihuwa. A nan bai rubuta kalma ba, alama ya sa sannan ya rubuta talatin. Alamar kamar baki buɗe, irin wannan <, wadda na sani tun kolej cewa tana nufin abu bai kai ba. Amma a ƙarƙashinta akwai wani ɗan layi da ya bi gefenta a karkace, haka ⩽. Na dube shi sau ɗaya na ce alƙalaminsa ne ya zame, tunda ya saba. Mashin ɗina ba ta da irin waɗannan alamomi, don haka na fassara da kalmomi, na buga cewa sai wanda bai kai shekara talatin ba.

Ina bugawa Yaya ya faɗo mini a rai. Na ce kash, bawan Allah ya makara da shekara ɗaya. Har tausayinsa na ji, wallahi. Anspektar ya sa hannu a tsaye, cikin takardu ashirin, bai karanta ba. Na juya injin kwafi ya fitar da guda arba'in, aka rarraba wa makarantu, na manna ɗaya a ƙofar buro da hannuna.

Ran wata Alhamis sai ga Yaya. A bayan kamyo, babbar motar kaya, ya zo, rigarsa duk ja, ya ƙunshe dosiyensa, wato takardun neman shiga, cikin ƙyalle. Ya riga ya ga sanarwar a Dogo, amma ya ce bari dai ya zo ko za a duba shekarun da ya yi yana aiki. Mai karɓar sunaye wani dattijon sakatare ne da ya kusa ajiye aiki, ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai. Ya buɗe dosiyen, ya duba takardar haihuwa, ya rufe.

Ya ce, "Malam, talatin gare ka."

Yaya ya ce, "Haka aka rubuta, Baba. Amma ban wuce ba."

Sakatare ya nuna ƙofa da haɓa. "Ba a ce wanda bai wuce ba. An ce wanda bai kai ba. Kai kuwa ka kai. Ni ba ni na yi dokar ba."

Yaya ya juyo wajena, ina bayan mashin ina yi kamar aiki ya sha mini kai. Ya ce, "Ƙanena, kai ka buga takardar nan?"

Na ce, "Ni na buga, Yaya."

"Haka Baturen ya rubuta?"

Na ce, "Haka ya rubuta. Da idona na gani." Ko ɗar ban ji ba.

Ya gyaɗa kai, ya mayar da takardunsa cikin ƙyalle, ya ɗaure a hankali. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." A gida mahaifiyata ta sa masa tuwo, ya ci loma biyu ya tsame hannu. Bayan ya tafi neman motar komawa ta ce da ni, "Kai ɗan nan, kana zaune kusa da Baturen nan kullum, ba za ka yi wa yayanka magana ba?" Na gyara zama na ce, "Inna, doka ce. Ba ku san aikin buro ba." Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Bayan kwana goma sha biyu wani mushen lissafi na kolej ya kawo mini takardar jarrabawar ɗalibansa in buga masa. Mutumin Dahome ne, gajere mai fara'a, ya daɗe a garin har Hausarsa ta nuna. Takardar cike take da alamomin da ban taɓa gani ba. Akwai wata mai baki biyu a jere, haka ≪, na ce ai wannan alamar buɗe zance ce ta Faransanci, na buga ta a haka, har na nemi inda ya manta bai rufe zancen ba na rufe masa. Wata kuma an soke ta da layi, na ce gogewa ya yi, na bar ta.

Da ya zo karɓa ya karanta, sai ya fashe da dariya har yana dafa tebur. Ya ce, "Malam daktilo, wa ke magana a cikin lissafina da ka buɗe masa zance?"

Na tsaya ina kame-kame. Maimakon ya yi faɗa sai ya jawo kujera, ya juya bayan takardar, ya ce in matso. Ya zana mai baki biyun ya ce wannan ba ƙanƙanta kawai take nufi ba, tana nufin abu ya yi ƙasa ƙwarai, ko kusa ba a haɗa su, kamar ƙwayar gero da rumbu. In ta juya ɗaya gefen, ≫, to abu ya fi nesa ba kusa ba. Wadda aka soke, ≮, ya ce ba gogewa ba ce, cewa take abin nan ba ƙasa yake ba. Ya zana ≠ ya ce wannan ba ɗaya suke ba, amma ba ta faɗa maka wa ya fi wani ba. Ya zana wata mai lanƙwasa biyu, ≈, ya ce, "Wannan kusan daidai ke nan, irin shekarun da ake rubuta muku a takardar haihuwa." Na yi dariya, ina jin daɗin karatun.

Sai ya zana bakin nan da ɗan layi a ƙarƙashinsa.

Ya ce, "Wannan ita ce ɗalibaina ke faɗuwa a kanta kullum. Alama biyu ce aka haɗa. Bakin na cewa bai kai ba, ɗan layin na cewa ko kuwa ya yi daidai. A Hausa sai ka ce bai wuce ba."

Ban san lokacin da na buɗe aljihun tebur ba. Duk rubutun hannun anspektar ina ajiyewa, don kada wata rana a ce na yi kuskure. Na zaro na sanarwar, na rufe sama da ƙasa da tafin hannu, na nuna masa layin kaɗai. Na ce, "Mushe, wannan fa?"

Ya ce, "Talatin ko ƙasa da haka."

"Mai talatin cif fa?"

"Yana ciki mana. Don shi ma aka sa layin." Ya dubi fuskata ya ce, "Lafiya?" Na ce zafi ne.

An rufe karɓar sunaye tun Asabar ɗin da ta wuce. Jarrabawa saura kwana tara. Ba zan ɓoye muku ba, kwana biyu na yi ban faɗa wa kowa ba. Na lissafa abin ta kowace fuska. Anspektar bai karanta ba, sakatare bai ga rubutun hannun ba, mushen lissafi bai san takardar mece ce ba. In na yaga ta shi ke nan. In kuwa na faɗa, aikin da nake ciyar da mahaifiyata da ƙannena da shi zai iya tafiya. Na ɗauko takardar nan na mayar ya fi sau goma.

Mahaifiyata ce ta lura ba na cin abinci. Ran na uku da la'asar tana tsince wake a tsakar gida ta ce, "Zauna nan. Me ka yi?" Ba ta ce me aka yi maka ba. Na faɗa mata duka, har na zana mata alamar a bayan faifai da gawayi, kamar ita ce za ta warware. Ba ta ko dubi zanen ba.

Ta ce, "Yanzu wa ya sani?"

Na ce, "Ni kaɗai, Inna."

Ta ce, "Kai da Allah. Yanzu kuma har da ni. Gobe ka je ka faɗa wa Baturen. In ya kore ka, dama ba da aikin nan aka haife ka ba. Amma ba zan ci tuwon da aka tuƙa da haƙƙin yaron nan ba."

Washegari na shiga wurin anspektar, buronsa cike da akwatunan katako, ana shirya littattafansa. Na ajiye rubutunsa da sanarwar gefe da gefe, na sa yatsa a wurin. Na shirya wa ihu. Bai yi ba. Ya cire tabarau, ya daɗe yana murza idanu, sannan ya ce, "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?" Amsar tana bakina, na haɗiye ta. Ya kira sakatare ya tambaye shi mutum nawa ya mayar saboda wannan. Dattijon ya ƙirga da yatsu ya ce uku, ɗaya daga Garagumsa, ɗaya daga Guna, sai na Dogo. Anspektar ya ce jerin sunaye ya riga ya bi motar gidan waya zuwa Yamai, can ake ba kowa lamba. Abin da zai iya shi ne ya bar su su zauna jarrabawar da sharaɗi, ya rubuta wasiƙa a gyara daga baya. Bai kore ni ba. Ina jin ba shi da ƙarfin neman wani daktilo ana saura wata biyu ya tafi. Ya ce in nemo mutanen.

Aka aika wa biyun. Na Guna ya ce zai zo. Na Garagumsa an ce ya ajiye alli ya bi ƴan uwansa fatauci Kano, ba wanda ya san unguwar da ya sauka. Dogo kuwa na ce ni zan je da kaina.

Na ari keke na kama hanyar Magarya tun da sassafe. An yi ruwan fari kwana biyu kafin nan, inda yashi bai kama tayar ba laka ta kama, rabin tafiyar turawa na yi. Rana ta take na isa. Ba ya lakol, aka nuna mini gona. Na same shi yana sara da sungumi, matarsa na bin sa tana jefa iri tana rufewa da diddige. Da ya gan ni sai ya yar da sungumin, ya ce, "Inna ce?" Na ce Inna lafiyarta lau. Muka koma gindin wani gawo, na faɗa masa, kaina a ƙasa.

Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "Layi ɗaya?"

Na ce, "Layi ɗaya, Yaya."

"Zana mini in gani."

Na zana a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya tsuguna ya dube shi sosai, irin duban malami. Ya ce, "Ni ma da na gan shi ban san shi ba."

Matarsa ba ta iya yin shiru ba. Ta ce masa, "Kai da ba ka san shi ba, ai da ka tambaya. Shekara biyu ko hira ba ka yi da ƴaƴanka, littafi, littafi. Shi kuma ƙanenka ya kasa buɗe baki ya yi tambaya ɗaya, don kada a ce bai sani ba." Ya ɗaga mata hannu ta yi shiru, amma ta riga ta faɗi abin da ke nan.

Ya ce, "Na mayar da littattafan mutane. Sati uku ban buɗe ko ɗaya ba. Na riga na sauke abin nan daga raina, ƙanena, har na fara jin barci na yi mini daɗi. Yanzu ka zo ka ce in sake ɗauka." Ya dubi sauran gonar da ba a shuka ba. Sannan ya ce wa matarsa ta nemi ƴan uwanta su ƙarasa mata.

Ya zo, ya zauna jarrabawar, shi da na Guna a benci na ƙarshe, takardunsu ba lamba sai suna. Da ya fito ya ce bai ga abin da ya gagare shi ba. Muka zauna jira. Aka yi bikin ƴancin kai, aka yi kiɗe-kiɗe, anspektar ya tafi da akwatunansa. Sakamako ya zo bayan damina. Na karanta jerin waɗanda suka ci, babu shi. Na karanta na waɗanda suka faɗi, nan ma babu shi. Kamar bai taɓa shiga ɗakin ba.

Daga nan aka shiga wasiƙu, kuma ni ke buga su. Sabon shugabanmu ɗan ƙasa ne, mutumin kirki, amma aikin mutum huɗu aka ɗora masa. Yakan sa hannu ya ce, "Allah ya sa a dace." Wata uku, wata biyar, sai amsa ta zo cewa ba a ga lambar mai wannan suna ba. Mu rubuta cewa ai rashin lambar shi ne maganar. A ce to a aiko da wasiƙar tsohon anspektar. Mu aika. A ce wanda ke riƙe da dosiyen an yi masa canjin wuri. Wani da ya je Yamai ya ce mini ya ji an duba takardun nasu har an ba su maki mai kyau, sai dai ba gurbin da za a rubuta shi. Ban san ko gaskiya ba ne. Da aka sake buɗe konkur shekarun Yaya sun wuce da gaske. Na Guna ya gaji a shekara ta biyu ya koma noman gyaɗa.

Shekara shida muna wannan. Na haddace wasiƙar har ina iya buga ta ina hira. Daga ƙarshe ba ita ta yi aiki ba. Wata doka ce ta fito cewa duk monitar da ya cika shekara sha biyar a bakin aiki ya zama cikakke, Yaya ya shiga cikin ayari. Kafin nan waɗanda suka zauna jarrabawar tare da shi sun yi nisa, har akwai lokacin da aka kawo masa direktar, shugaban lakol, wanda shi ya koya masa riƙe alli. Ya yi aikinsa a ƙarƙashinsa ba gunaguni har ya ajiye.

Ni kuwa na yi shekara talatin da ɗoriya a bayan mashin. Na sayi kaye guda, littafin rubutu, na riƙa rubuta duk alamar da na ci karo da ita da ma'anarta, na bi mushen lissafin nan har gida kafin ya koma ƙasarsu. Na zama daktilon da shugabanni ke gudu, don ko ɗigo ban gane ba sai na tashi na tambaya. Wasu sun yi mini tsawa, wani ya ce ko ni kurma ne. Tsawar ba ta taɓa kwana a raina ba. Abin da ya kwana shi ne mutumin Garagumsa, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban kuma san ko ya rasu yana zaton shekarunsa ne suka hana shi.

Duk wanda na ba labarin nan sai ya ce ƙaddara ce, ba komai, yarinta ce. Na san ƙaddara gaskiya ce. Amma maganar ba ta taɓa rage mini nauyi ba, sai ma ta gajiyar da ni. Yaya kuwa bai sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Shi ya tsaya mini a aurena, shi ya yi wa ɗan farina huɗuba.

Sai da ya tsufa ƙwarai, ciwon ƙafa ya zaunar da shi, na je gaishe shi wata rana da hantsi, muna zaune a zaure mu biyu. Na ce, "Yaya, maganar takardar nan ta da."

Ya ce, "Har yanzu?"

Na ce, "Har yanzu."

Ya gyara ƙafarsa a kan buzu. Ya ce, "Na yafe maka tun tuni, duniya da lahira, ka sani. Amma in so kake in ce maka ba komai, ba zan faɗa ba, don ƙarya ce. Abin ya ci ni, ƙanena. Akwai shekarun da in na ga ka shigo gidan nan sai na yi ta salati a zuci kafin in iya yi maka sannu da zuwa."

Na ce, "Na gode, Yaya."

Ya ce, "Godiyar me kuma?"

Duk duniya shi kaɗai ne bai ce mini "ba komai" ba. Muka ci gaba da zama, ya aika aka kawo mana fura, ya miƙo mini ludayin ya ce in fara.